Za a yi wa mahaifiyata jinyar lantarki: me wutar take yi wa ƙwaƙwalwa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana da shekara 61. Wata biyar ke nan da ta shiga wani hali: ba barci, ba magana sai an matsa mata, kullum cewa take hanjinta ya ruɓe kuma Allah ba zai yafe mata ba. An gwada mata magani iri biyu a asibiti, ba sauyi. Yanzu mako biyu ke nan ko kunu da ƙyar take kurɓa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce a yi mata jinyar lantarki, wadda suke kira ECT. Kawunmu ya ce atafau ba za a yi ba, wai wuta za ta ƙona mata ƙwaƙwalwa ta koma ba ta gane kowa. Tana da hawan jini, kuma ta daɗe tana shan Valium da muke sayo mata a kemis saboda barci, likitan bai san da shi ba. Ni na karanta kimiyya, na san da sinadarai ƙwaƙwalwa take aika saƙo. Me wutar take yi wa waɗannan sinadarai? Mu yarda ko mu ƙi?

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka muku da wannan ɗawainiya. Ra'ayinmu shi ne ku yarda, bisa sharaɗi biyu: a yi jinyar bayan an yi mata allurar barci da allurar sassauta tsoka, a hannun likitan sa barci; kuma ki faɗa wa likitanta zancen Valium ɗin nan tun yau, da yawan da take sha da tsawon lokacin da ta ɗauka tana sha. Abin da kika kwatanta, wato baƙin ciki mai tsanani da ya haɗu da tunanin da ba shi da tushe, kamar ruɓewar hanji da yanke ƙauna daga gafara, shi ne nau'in ciwon da ya fi kowanne jin wannan jinya, kuma manya masu shekarun Mama sun fi matasa amsa ta. Ƙwaya ta uku za ta buƙaci mako huɗu zuwa shida kafin a san ko ta karɓe ta. Wanda ba ya ci ba ya sha ba shi da wannan lokacin.

Tsoron Kawu yana da asali. Lokacin da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara wannan aiki a birnin Rum a 1938, ido biyu ake yi wa majinyaci, jikinsa ya yi ta jijjiga har wani lokaci ƙashin baya ya tsage. Sai a shekarun 1950 allurar barci da ta sassauta tsoka suka samu karɓuwa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi ECT ba tare da su ba, amma har yanzu akwai wuraren da ake yi a haka saboda rashin likitan sa barci, shi ya sa muka sa shi sharaɗi. Batun ƙonewa kuwa, lissafi ya isa ya warware shi. Na'urar tana ba da wuta mai ƙarfin amfiya 0.8 zuwa 0.9, gutsi-gutsi, kowane gutsi bai wuce ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa ba, gaba ɗaya kuma ba ta wuce daƙiƙa takwas. Iyakar abin da na'urorin Amurka ke fitarwa kusan jul 100 ne, daidai da abin da ƙwan lantarki mai wat 100 ke sha a daƙiƙa ɗaya, kuma akasarin majinyata ba a kai su nan. Ƙoƙon kai ma yana tare mafi yawan wutar, ta bi ta fatar kai ta wuce. Ɗan abin da ya isa ƙwaƙwalwa aikinsa ɗaya: ya kunna gajeriyar farfaɗiya wadda likita ke lura da ita daga farko har ƙarshe. Wutar ashana ce kawai. Abin da ƙwaƙwalwa ta yi bayan an kyasta shi ne maganin.

Kin san ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, su wajen biliyan 86, ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan gibi, kamar kogi tsakanin gari biyu. Saƙo yana tafiya a cikin ƙwayar da siffar lantarki, idan ya iso bakin gaɓa sai ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, wasu 'yan jakunkuna da ke ɗauke da sinadari su fashe a bakin gibin. Sinadarin ya haye, ya sauka a kan makarɓansa na wancan ƙetaren, saƙo ya ci gaba. A zaman yau da kullum kowace ƙungiyar ƙwayoyi da lokacinta take fitowa. Idan aka danna maɓallin ECT kuwa, miliyoyinsu ne ke harbawa a tare, sau da yawa a jere, na tsawon daƙiƙa 20 zuwa minti ɗaya. Kusan duk wani sinadarin saƙo da kika sani yana tumbatsa a wannan ɗan lokaci: gulutamet, GABA, dofamin, sirotonin, noradirenalin, asitilkolin.

Ana ganin sawun wannan ambaliya a jiki, kuma bi da bi take zuwa. A daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar na farko jijiyar da ke rage gudun zuciya ce ke rinjaye: ta zuba asitilkolin a kan zuciya, bugu ya ja baya, wani lokaci ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi. Don haka ne wasu likitoci ke ba da atirofin tun kafin a fara. Daga nan sai al'amari ya juye, adirenalin da noradirenalin su cika jini, zuciya ta yi gudu, awon jini ya haura da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ya ɗauki mintuna kafin ya sauko. Nan hawan jinin Mama ya shigo. Ba ya hana jinyar, amma dole a daidaita shi kafin zama na farko, a yi mata awon bugun zuciya na takarda, kuma galibi za a ce ta haɗiyi maganin hawan jininta da sassafe da kurɓi ɗaya na ruwa duk da ba ta ci komai ba. Idan ya yi sama fiye da kima a kan gadon, akwai allurai irin su labetalol da esmolol da ke tare makarɓan adirenalin nan take. Wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, ko yake da ƙari a cikin kai, shi ne ake tsayawa a yi dogon nazari a kansa. Can ƙasan ƙwaƙwalwa kuma sashen da ake kira hayifotalamas yana tura wa ƙullin da ke ƙarƙashinsa umarni, sai ƙullin ya saki sinadaransa: furolaktin ya ninka a jini cikin minti goma zuwa ashirin, kotizol da okzitosin da basofuresin su ma su tashi, kafin 'yan awoyi duk su koma yadda suke.

To amma wannan ambaliya ta 'yan mintuna ce, da ita kaɗai ce magani da zama ɗaya ya wadatar. Ana yin zama shida zuwa goma sha biyu, sau biyu ko uku a mako, domin waraka tana fitowa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke sake tsara kanta bayan an maimaita mata abin.

Mafi bayyana a cikin wannan sake tsari shi ne na birki. Gulutamet shi ne totur ɗin ƙwaƙwalwa, GABA shi ne birkinta. Farfaɗiyar ECT ba gajiya take yi ta mutu ba, ƙwaƙwalwa ce ke taka mata birki da ƙarfi: GABA ya fito, adinosin ya taru, wasu ƙananan sinadarai masu kwantar da jijiya su biyo baya. A takardar da ke zana igiyar ƙwaƙwalwa ana ganin zane yana ta tsalle, sai kwatsam ya kwanta shamɓal. Likitoci suna son ganin wannan kwanciya ta zo a tsabtace, domin tana cikin alamun zama mai amfani. Duk zaman da aka ƙara, birkin yana ƙara kamawa: wutar da ta isa kunna farfaɗiya a makon farko ba za ta isa a mako na uku ba, farfaɗiyar kuma tana gajarta. A 2003 masu bincike a jami'ar Yale sun auna GABA a bayan ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo kafin jinya da bayanta, suka tarar ya ƙaru sosai. Wannan kuma shi ne amsar wata tambaya da dangi kan yi: ECT ba ya mayar da mutum mai ciwon farfaɗiya, ƙara wa ƙwaƙwalwa juriya gare ta yake yi.

Yanzu kin ga inda Valium ya zama matsala. Dayazifam, wanda shi ne ainihin sunansa, a jikin makarɓin GABA yake zama ya ƙara masa ƙarfi. Wato tun kafin a kunna mota an riga an take birki. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko farfaɗiyar ta ƙi tashi sam, ko ta tashi a raunane ta mutu da wuri, Mama ta sha allurar barci a banza, likita kuma ya yi ta ƙara wuta yana mamakin abin da ya faru, ƙarin wutar ya ƙara mata mantuwa. Kuma kada ki janye mata shi rana ɗaya don kin karanta wannan. Ƙwaƙwalwar da ta saba da shi, idan aka yanke mata kwatsam, tana iya jefa mutum cikin rawar jiki, ruɗewa da farfaɗiya ta gaske wadda ba likita a kusa. Likita ne zai rage shi sannu a hankali, ko ya canza shi da ɗan'uwansa mai saurin fita daga jiki, ya hana na daren da za a wayi gari a yi jinya. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da balfurowet su ma birki suke ƙarawa. Akwai kuma masu yin akasin haka: tiyofilin da aminofilin na masu asma suna iya sa farfaɗiya ta ƙi tsayawa, tiramadol ma yana sauƙaƙa tashinta, litiyam kuma, maganin daidaita yanayin rai, yana jawo doguwar ruɗewa bayan farkawa idan bai sauka a jini ba. Duk farfaɗiyar da ta haura minti biyu, da allura ake kashe ta. Ki zuba duk abin da Mama ke sha a leda, har da jiƙo da garin magani na gargajiya, ki kai wa likita ya gani da idonsa.

Sirotonin da noradirenalin su ne mutane suka fi ji, kuma a nan muna so ki ajiye hoton tankin da ya ƙare aka zo aka cika. Abin da maimaita jinya ke sauyawa shi ne kunnen mai sauraro, wato yawan makarɓai da kaifinsu. Tun 1975 Vetulani da Sulser suka nuna a ɓeraye cewa bayan an maimaita musu irin wannan farfaɗiya, amsar da ƙwaƙwalwa ke ba noradirenalin tana raguwa, irin sauyin da ƙwayoyin maganin damuwa ke kawowa bayan makonni. A ɓangaren sirotonin, makarɓan da ke hifokamfas na ɓera, wato sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu, suna ƙara kaifi, hotunan ƙwaƙwalwar mutane kuma sun nuna wasu nau'o'in makarɓan suna raguwa bayan an kammala jinya. Ƙwayar da Mama ta sha tana bin ƙofa ɗaya ko biyu ne, ta hana a kwashe sinadarin daga gibi da wuri. ECT yana taɓa tsarin duka a lokaci guda, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa yake aiki a inda ƙwaya ta gaza.

Dofamin shi ne za ki fara gani da idonki. Shi ke riƙe da motsi da himma da sha'awar abu. Shaidar cewa ECT yana ƙarfafa hanyarsa ta fito fili a masu ciwon Fakinsin, wanda asalinsa ƙarancin dofamin ne: taurin jikinsu kan sassauta na wani lokaci bayan jinyar. A irin halin Mama, abin da ya saba fara dawowa shi ne ci da sha da barci da motsi, sau da yawa cikin mako na farko ko na biyu, ita kuwa tana nan tana cewa ba abin da ya canza. Ku za ku riga ta ganin sauƙi. A kula sosai da wannan tsakani: ƙarfin jiki ya dawo, baƙin tunanin bai gama tafiya ba. Mai ganin Allah ba zai yafe masa ba yana iya cutar da kansa a daidai wannan lokaci. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya da abubuwa masu kaifi daga inda hannunta zai kai.

Bayan sinadaran saƙo akwai na gini. A 1995 ɗakin binciken Ronald Duman ya nuna farfaɗiyar lantarki tana ƙara wani furotin mai ciyar da jijiya, BDNF, a hifokamfas na ɓera. A 2000 aka ga sababbin ƙwayoyin jijiya suna tsirowa a wurin. A mutane, hoton MRI yana nuna hifokamfas ya ƙara girma bayan jinya, sannan ya koma kusa da yadda yake bayan watanni. Ki gaya wa Kawu wannan: an duba da na'ura an sake dubawa, ba a ga tabon ƙuna ba.

Amma yana da gaskiya ta wani gefe, kuma ba za mu ɓoye ba: akwai mantuwa. Hifokamfas shi ne mai rubuta sabon abu a ƙwaƙwalwa, da gulutamet yake rubutun, ta hanyar ƙarfafa wasu mahaɗai kaɗan a bar saura. Idan farfaɗiya ta jiƙa dukkan mahaɗan da gulutamet a tare, ya zama kamar allon da tawada ta malale a kansa, sai an jira kafin sabon rubutu ya fito. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi kawowa. A aikace, Mama za ta farka a ruɗe na minti talatin zuwa awa ɗaya, wataƙila da ciwon kai, tashin zuciya ko tsamin jiki. A makonnin jinya za ta riƙa manta wanda ya zo dubiya da abin da aka ce mata da safe. Wani babban nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna wannan rauni ya fi yawa a kwana uku na farko bayan zaman ƙarshe, kuma bayan kwana 15 akasarin ma'aunan sun dawo ko sun fi na da. Abin da kan daɗe shi ne gibi a tunanin abubuwan da suka faru a watannin da ke dab da jinyar, kuma wasu ba sa dawo da su duka. Manta 'ya'ya ko sunan kai ko karatun sallah ba shi ne abin da ake gani ba. Haɗarin mutuwa kuwa, ƙididdigar 2017 ta sa shi kusan biyu a cikin zama 100,000.

Yawan mantuwa ya danganta da inda aka ɗora faifan wutar da yadda aka auna ta, don haka ki tambaya. Idan aka ɗora a gefen goshi biyu, dama da hagu, sauƙi ya fi saurin zuwa amma mantuwa ta fi yawa. Idan aka ɗora duka a ɓangaren dama, an kauce wa ɓangaren da ke riƙe da magana a yawancin mutane, mantuwa ta ragu, sai dai dole a ninka wutar wajen sau shida a kan mafi ƙarancin da ke kunna farfaɗiya. A gwajin da Harold Sackeim ya wallafa a 1993, waɗanda aka yi wa na dama da wuta kaɗan sun yi farfaɗiya mai tsawon da ake so, amma kashi 17 cikin 100 ne kawai suka samu sauƙi, alhali na gefe biyu sun haura kashi 60. Ashe tashin farfaɗiya kaɗai bai isa ba, sai ta ratsa sassan da ciwon yake. Ga wadda ta daina ci, likitoci da yawa za su fara da gefe biyu don ceto rai, kuma muna ganin wannan zaɓi ne mai hujja. Idan ruɗewa ta yi yawa ana iya komawa dama, ko a rage zama daga uku zuwa biyu a mako.

Kafin ranar farko za a ɗebi jininta a duba gishirin jiki da aikin ƙoda, kuma tunda ta daɗe ba ta sha sosai, mai yiwuwa sai an yi mata ƙarin ruwa tukuna. Ba abinci aƙalla awa shida kafin zama, domin abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu idan tana barci. Wannan doka ba ta da sassauci, ko da dangi sun ji tausayi sun so ba ta kunu. Gashi ya zama wankakke, busasshe, ba mai, ba ƙarfen kitso. A nuna wa likita haƙori mai girgiɗi, na roba ko haƙorin Makka, saboda tsokar muƙamuƙi tana ɗamewa kai tsaye da wutar duk da allura, shi ya sa ake sa roba a baki. Za a ba ta oksijin, a yi allurar barci, furofofol ko tiyofenton ko makamancinsu, sannan sakzametoniyam, wanda shi ma a kan makarɓan asitilkolin na tsoka yake zama ya hana saƙon farfaɗiya isa ga jiki. Sau da yawa ana hura abin awon jini a ƙafa ɗaya kafin allurar don kada ta isa can, a ga motsin yatsun a ƙirga daƙiƙoƙi. Idan akwai wani a danginku da ya taɓa daɗewa bai dawo da numfashi ba bayan tiyata, ki faɗa, domin akwai masu gadon ƙarancin sinadarin da ke narkar da wannan allura. Maganin ƙwari irin fiya-fiya ma yana raunana wannan sinadari ga wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa.

Ku tafi da Kawu wurin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, a kuma yi wa Mama bayani gwargwadon abin da za ta iya ɗauka, a nemi yardarta. Addu'a da jinya ba sa karo.

Sauyin da ECT ke yi wa makarɓai da birkin ƙwaƙwalwa ba ya zama dindindin, yana sassautawa cikin makonni da watanni, kuma nan ne iyalai da yawa ke yin sakaci saboda murnar ganin mutum ya miƙe. A gwajin da aka wallafa a 2001, cikin waɗanda suka warke da ECT aka bi su wata shida, kashi 84 cikin 100 na waɗanda ba a ba magani na gaske ba ciwon ya dawo musu; masu shan maganin damuwa notiriftilin kaɗai kashi 60; masu haɗa shi da litiyam kashi 39. Don haka tun kafin zama na ƙarshe ki tambayi likita wane magani za ta ci gaba da sha, na tsawon wane lokaci, da ko za a riƙa yi mata zama jefi-jefi, daga mako-mako zuwa wata-wata. Idan litiyam ne, yana buƙatar awon jini a kai a kai da duba ƙoda, kuma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, suna tara shi a jiki har ya zama guba, saboda haka likitan hawan jininta ma ya san da shi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awoyin barcinta da abin da ta ci kullum. Idan kika ga dare uku a jere tana farkawa tun kafin asuba ta kasa komawa, ko ta fara ture kwano, ku koma asibiti a makon, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.